Ninkin da Na Yi wa Littafin Autarmu

Gwaggo, don Allah ki agaza mini, abu ya sha mini kai. Ni ba gwanin rubuta wasiƙa ba ne. Matata ce ke bin filin nan naki, ita ce ma ta ce in rubuto, wai tunda na ƙi jin tata sai in ji ta wadda ta girme mu.

Ni direba ne, motar 'yan makaranta nake ja. Da safe in kwaso yara in sauke, sai kuma an tashi in mayar da su gida. Tsakanin nan zama ne kawai. Abokan aikina wasu barci, wasu musun ƙwallo, ni kuwa sai in tura kujera baya, in miƙe ƙafa, in buɗe littafi. Kada ki ɗauka wani zurfin karatu na yi. A ɗakin malamai akwai wani kwali da suke zuba littattafan labari in sun gama da su, to nan nake kiwo. Duk abin da hannuna ya ɗauko shi ne rabona.

Littattafan bincike, irin wanda ake kashe mutum tun a shafin farko a yi ta neman wanda ya yi, waɗannan su ne mutanena. Ina karantawa ina zargin kowa, har mai gadin makaranta in ya zo wucewa sai na bi shi da kallo. Kuma ban taɓa canka daidai ba, kullum wanda na tsaya wa shi ne mugun. Na ban tsoro kuwa, na taɓa ɗauko wani a kan gidan da ake jin takun yaro alhali ba yaro a gidan. Da rana tsaka fa, sai na ji motsi a kujerar baya. Wallahi ban san lokacin da na diro daga motar ba, da takalmi ɗaya a ƙafa. Ashe gorar ruwa ce wani ya manta, ta gangaro. Na dai ƙarasa littafin, amma a bencin mai gadi. Na yaƙe-yaƙen mutanen da ina son su, sai dai sunaye ke yi mini yawa, kafin in gane wane ne ɗan wane har an kashe shi. Na masu tafiya cikin taurari ma ba laifi, abin da ke ci mini rai shi ne har littafin ya ƙare ban ga inda suka tsaya shan mai ba, ba kuma wanda ya duba birki.

Na soyayya ne ba ma shiri ko kaɗan. Mutum biyu suna son juna, maƙwabta sun sani, kajin gida ma sun sani, amma sai a cinye littafi guda ana tsayuwa a bakin taga ana ajiyar zuciya. Maganar da za a gama a zama ɗaya! Matata tana son su kamar me, har hawaye take yi. Ni kuwa faɗa nake yi da su a fili, har sai barci ya raba mu.

To ina da wata ɗabi'a tun ina saurayi. Duk inda littafi ya gundure ni har na fara gyangyaɗi, sai in ninke kusurwar shafin, ninki babba, in kife shi. Inda ya riƙe ni ba ninki, don ba na ajiyewa, in an katse ni yatsa nake sawa. Duk gidanmu an san wannan. Autarmu tun tana ƙarama in ta ɗauki littafina sai ta fara shafa gefensa da babban yatsa. In ta ji ninki ya yi yawa sai ta ce wannan ya kayar da Yaya, ta ajiye ta nemi wani. A hannuna ta koyi son karatu.

Yanzu Auta ta girma, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ashe shekara da shekaru tana rubutu a ɓoye. Kwanan baya ta zo gidana da wani ƙunshi a jaka, an buga shi a farar takarda an haɗe da waya. Ta miƙo mini. Ta ce ba wanda ya taɓa gani, kuma kada in ba kowa. Ta ce ni ne alƙali. In na ce ya yi, za ta kai wa masu buga littattafai. In na ce bai yi ba, za ta goge shi daga kwamfuta, ta ƙona wannan, ta kuma bar rubutu har abada. Gwaggo, yarinyar nan ba ta barazana, kafiyar Babanmu ta ɗauko kaf. Tana budurwa ta fara koyon ɗinki, aka yi dariyar riga ɗaya da ta ɗinka, har yau ba ta sake taka keke ba.

Na kai shi mota, na yi bismillah, na buɗe. Soyayya ce! Ga tagar nan, ga ajiyar zuciyar nan, ga wani likita da aka ɓata shafi biyu ana kwatanta gashin idonsa. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na wanke fuska, na sha shayi, na karanta a tsaye. Barci ya yi ta ɗaukata, hannuna kuma ya yi ta aikin da ya saba ban ma sani ba. Ban farga ba sai da matata ta ga ƙunshin a kan tebur, gefensa ya kumbura da ninki, ta dafe ƙirji.

Amma akwai wani babi guda a tsakiya. Yarinyar labarin ta tuna babanta, mai gyaran rediyo. Babanmu ne, Gwaggo, Allah ya jiƙansa. Yadda yake zuba ƙananan kusoshi a murfin gwangwanin madara, ya riƙe guda a leɓe, yana waƙa ta hanci. Yadda in ya gama gyara ba ya kunnawa da kansa, sai ya kira ƙaramar gidan ta murɗa, in murya ta fito ya ce ita ce ta gyara. Da kuma rediyon da ya bari a buɗe a kan teburinsa ranar da aka kai shi asibiti, wanda har aka yi wata ba wanda ya iya rufewa. Ni na manta da murfin gwangwanin nan, ita da take 'yar mitsitsiya a lokacin ba ta manta ba. Na karanta, na koma farko na sake. Ni da gemuna na kifa kai a sitiyari ina kuka, ban ji ƙararrawar tashi ba, sai da yara suka zo suna buga gilashi. Tunda nake aikin nan ba a taɓa jirana in buɗe ƙofa ba sai ranar.

Daga nan aka koma wajen likita mai gashin ido, ni ma na koma barci. Gaskiya ban ƙarasa ba, na tsaya kaɗan bayan rabi.

Matata ta ce in sa dutsen guga in goge ninkin, ko in kai shago a sake bugo sabo, in ce wa Auta ya yi daɗi, shi ke nan. Har ta gwada a shafi ɗaya da ƙyalle a kai, layin bai ɓace ba. Ni kuma na ce ba zan yi ba. Ban taɓa yi wa littafi ƙarya ba, ba kuma a kan na ƙanwata zan fara ba. In na ce ya yi, ta fitar, bare suka yi mata dariya, da wane ido zan kalle ta? Na riga na yanke, ranar Asabar za ta zo, zan miƙa mata shi da ninkinsa, in gaya mata soyayya ba layinta ba ce. Matata ta ce in na yi haka ni na kunna ashanar. Tun ranar ba ma doguwar magana a gidan.

Gaskiyar zan faɗa, wannan ba ja da baya. Abin da nake tsoro shi ne babin Babanmu ya ƙone tare da sauran, hannun da ya rubuta shi kuma ya daina rubutu saboda ni. Yaya zan yi?

Direban 'Yan Makaranta

*

Ɗana direba, ka ba ni dariya da takalminka ɗaya, ka kuma sa na cire tabarau na share ido. Zauna mu yi magana.

Fara da ba matarka haƙuri, domin tsoronta gaskiya ne, ta san halin ƙanwar mijinta. Dutsen gugar ne kawai ban yarda da shi ba. Yarinyar da ta tashi tana shafa gefen littattafanka ba za a ruɗe ta da sabuwar takarda ba. In ta ga ƙunshin ya dawo sumul, za ta san ko dai ba ka buɗe ba, ko kuma an yi mata wayo, kuma daga ranar yabonka ya tashi aiki a wurinta. Ta san da ninkin nan ta kawo maka. A nan kai ke da gaskiya.

Sai dai gaskiyar da ka shirya faɗa ba ta cika ba. Da bakinka ka ce duk littafin soyayya barci yake sa ka, har waɗanda matarka ke kuka a kansu. To barcinka bai isa shaida a kan na Auta ba. Wataƙila labarin ya yi ja da gaske, wataƙila kuma kai ne ba naka ba. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Saboda haka maganar nan ta cewa soyayya ba layinta ba ce, ka haɗiye ta. Ba ka da hurumin faɗinta, kuma ita ce za ta ƙona littafin.

Sannan ba a yanke wa littafi hukunci daga rabi. Kafin Asabar ka ƙarasa shi, ko da a bencin mai gadi ne. Ka riƙe fensir, duk inda ka ninke ka rubuta dalili a gefe da kalmominka na direba: nan an daɗe a tsaye, nan na san abin da zai faru, nan gashin ido ya ishe ni. Marubuta da yawa suna neman wanda zai nuna musu daidai inda mai karatu ya gaji, ba su samu ba. Ninki mai dalili abin gyara ne, wanda ba dalili kuwa zafi kawai zai yi mata.

Kujerar alƙalin da ta ɗora ka, ka sauka daga kai. Kafin ka ce komai a kan littafin, ka gaya mata kai mai karatu ɗaya ne, mai son labarin kisa, kuma ba za ka buɗe baki ba sai ta yi maka alkawarin ba gogewa ba ƙonawa har sai masu son irin wannan labarin sun karanta. Ga ɗaya nan a gidanka, matarka, izinin Auta kawai za ka nema ka ba ta. Kai yayanta ne, kana da wannan ikon a kanta, ka yi amfani da shi. Ku biyu duk 'ya'yan mutum ɗaya ne, in tana da kafiya kai ma ba a bar ka a baya ba.

Ba zan ce maka ba za ta ji ciwo ba. Za ta ji, ƙila ta yi kuka, ƙila ta ɗauke maka ƙafa na ɗan lokaci. Littafin nata ne, abin da za ta yi da shi a ƙarshe ita za ta zaɓa. Naka shi ne ka tabbata ta ji gaskiyar duka, har da wadda ka kusa mantawa saboda kana sauri ka faɗi mai ɗaci.

In ta zo, kada ka fara da jawabi. Miƙa mata ƙunshin yadda yake. Za ta shafa gefensa da yatsa kamar yadda ta saba, za ka ga fuskarta ta canza, ka daure kada ka ce komai. Ka jira har yatsanta ya kai wurin nan na tsakiya da ba ninki ko ɗaya. A nan za ka riƙe hannunta, ka gaya mata cewa a kan waɗannan shafukan ne yara suka tsaya suna buga gilashi, yayanta yana ciki yana kuka bai ji ƙararrawa ba. Bayan ta ji wannan, sauran maganar gyara ce kawai.

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a hannun Auta, ya daidaita ka da uwargida. Kai kuma Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana yaran da kake ɗauka.

Gwaggonku