Bawon Gyaɗar Yaya Ladi

Alhamis da dare, Zuru

Yau dai wuta ta kama a murhuna, alhamdu lillahi. Bayana na ciwo, amma raina fes.

Tun makon jiya tankar man dizal ba ta iso daga Kudu ba, injin casar shinkafa na unguwarmu ya tsaya cik. In bai yi casa ba babu buntu, ni kuwa da buntun nan nake hura wutar turara shinkafar da nake sayarwa. Itace ya fi ƙarfina. Ga shi na riga na jiƙa shinkafa, har ta fara tsami a cikin duro. Jiya maigidana Malam ma sai da ya sha faɗa a wurina, ba laifin komai.

Yau da hantsi sai ga ɗan kabu-kabu da buhuna daga Dirin Daji. Yaya Ladi ce ta aiko, wadda nake tara wa toka duk shekara tana zubawa a gonar gyaɗarta. Ta bugo min waya ta ce, "Ƙanwata, bawon gyaɗa ne. Ki yayyafa masa ruwa kaɗan, in ba haka ba zai ƙone tun tukunya ba ta yi zafi ba." Na ƙi ji, na zuba shi a bushe, ya ci bal-bal ya mutu. Da na bi maganarta, ya riƙa ci a hankali har shinkafa ta turaru.

Direban tankar da ban taɓa gani ba ne ya kashe min murhu tun daga Legas. Tokar da maƙwabta ke cewa in zubar a bola, ita ta dawo ta hura shi.