Wuƙar da Ke Aljihun Rigata

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku ne nake rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu sun ƙi, numfashi ya fara gajarta, amma kan nan lafiyarsa lau, kada wani ya ce gigin ciwo ne. Zuwa gare ku ku uku: Dogo, Bahago, da Auta.

Na farko. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara, ba ni da ta cewa a nan. Kayan aikin da zan ambata kuwa na riga na bayar da su kyauta da raina, a gaban tela maƙwabcinmu da limami. A aljihun teburin shago akwai wuƙaƙen mutane da aka kawo gyara, irin namu masu naɗewa. Ku gama su, ku mayar wa kowa tasa. Ta tela ƙusarta ce ta saki, ya daɗe yana jira, kunya ce ta hana shi tambaya.

Na biyu. Uwar maƙera, zuga-zugi, masaba da dutsen washi na Bahago ne. Magagarai, abin huda, buhun ƙahonni da sauran tagullar da ke bayan ƙofa na Dogo ne. Kowa na ba shi abin da hannunsa ya fi sani, kuma ina sane cewa ba wanda zai iya fitar da wuƙa da rabonsa kaɗai. Da gangan na yi.

Bahago, tun kana ƙarami kake gane launin ƙarfe a wuta, ka san lokacin da za a tsoma shi a mai kafin in buɗe baki. Amma ƙotar da kake yi, Allah Ya shirye ka, sai ka ce da wanda zai riƙe ta kake faɗa. Kai kuma Dogo, ƙotarka tana kwanciya a tafin hannu har mutum ya manta da ita, sifirin ɗinka kuma, ƙarfen nan da ke mayar da ruwan wuƙa cikin ƙota, yana rufewa da ƙara ɗaya mai tsabta. Sai dai ruwan wuƙarka, idan ya yanka igiya yau, gobe sai an kai shi dutse.

Na uku, yadda ake duba wuƙa. Na faɗa muku har kun gaji, zan maimaita tunda daga wannan ba za ku sake jin muryata ba. Kada ku fara da ado. Ku buɗe ta, ku rufe, ku saurara. Ku rufe ta ku kalli cikinta ta wajen haske: ruwan ya zauna a tsakiya, ko ya jingina da gefe ɗaya? Ku buɗe ku girgiza tsinin da yatsa biyu, in ya yi rawa, ƙusa ce ko huda. Ku shafa bayanta da babban yatsa, inda ƙaho ya haɗu da tagulla, kada farce ya sami wurin maƙalewa. Ku aske gashin hannu da ita, ku fere busasshen itace, ku sake askewa. Bayan duk wannan ku leƙa wurin da mai saye ba ya leƙawa, domin a can ake sanin halin maƙeri. Hatimi shi ne abu na ƙarshe da za ku kalla.

Na huɗu. Hatimin shago, ɗan tauraron da muke bugawa a gindin ruwan wuƙa, na Auta ne. Na san za ku ji zafi, ku ji. Ita ba ta taɓa riƙe masaba ba, amma ta girma tana goge wuƙaƙe a bakin ƙofa, kuma ta sha mayar mini da tawa wuƙar ta ce tana rawa, in duba in ga gaskiyarta. Auta, kada ki buga shi a kan wuƙar da ba ta bi ta hannun yayyenki duka biyu ba. Ko sun yi fushi, ko sun aiko matansu lallashi, ki riƙe shi.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Na ga layin allin da kuka ja a tsakiyar shago. Kun ɗauka ban san magini ya zo ya auna ba, kuna jira in rufe ido ku ta da bango. Ranar da na gani na koma gida ban iya cin abinci ba. Duk wannan a kan wuƙa ɗaya da wani ya dawo da ita tana rawa. Dogo, ka ce a gaban mutane ƙanenka bai iya huda ba. Bahago, ka ce yayanka mai kwalliya ne ba maƙeri ba. Tun ranar kowa yake yin wuƙarsa shi kaɗai, kuna juya wa juna baya, masu saye kuma suna raguwa kuna cewa kasuwa ce ta lalace.

To ga wuƙar da ke aljihun rigata, mai baƙin ƙaho. Ku duka kun sha aronta ku nuna wa baƙi, kuna cewa ga aikin Baba. Dogo, ka gaya mini babu mai rai da zai ƙara fitar da ruwa irin nata, ƙanenka kuwa ko a mafarki. Bahago, kai ka ce ƙotarta kamar an auna tafinka aka yi, yayanka bai kama ƙafarta ba. Ina jin ku, dariya tana cina.

A makon da kuka yi faɗan, Bahago ya jefar da ruwan wuƙar da bai gama ba cikin kwandon tarkace, don da ma ƙotar Dogo aka yi wa shi. Dogo ma ya jefar da ƙotar da sifirin ɗinta. Na tsince su, na goge, na haɗa, na buga hatimi. Ƙusa kaɗai ce tawa a jikinta. Kun ga tauraro sai kuka daina dubawa, ku da na koya wa duba.

In kuna shakka, bayan an kai ni makwancina ku je shago ku uku. Ku cire ƙusar. A gindin ruwan, wurin da ƙota ta rufe, za ku ga sawun magagari ya karkata ta hagu, kuma mutum ɗaya ne a gidan nan yake gogewa haka. Ku juya ƙotar, za ku ga cikinta a goge sumul kamar wajenta, aikin da Dogo kaɗai yake ɓata lokaci a kansa. Kowannenku ya daɗe yana yabon ɗan'uwansa a gabana, bai sani ba.

Wannan wuƙar ban ba kowa ita ba. In kun gama kallo ku mayar da ita yadda take. Kun san ƙusa ba ta daidaita sai wani ya riƙe wani ya buga, Auta kuma ta saurari rufewarta. Daga nan wanda ya fi kusa da tsintsiya ya share allin.

Na yafe muku abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe ƙanwarku, kada 'ya'yanku su tashi su tarar da ƙofa biyu a shagon da kakansu ya bari da ƙofa ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa hannuwanku albarka, Ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Mahaifinku.