Muryar Da Ta Tashe Ni A Hanyar Kwali

Zuwa ga Kauthar, sanyin idaniyata, inuwata idan rana ta take, ƙamshin ƙasa a ranar da ruwan farko ya sauka! Ya ke wadda murmushinta ya fi wata daren sha huɗu haske, wadda muryarta ta fi ruwan randa sanyaya ƙirji, ki karɓi sallamata mai yawan ganyen damina, mai tsawon hanyar da ta shiga tsakaninmu. Ina fata kina lafiya, ina fata jikin Umma da sauƙi, Allah Ya ƙara mata afuwa.

Ni kam lafiyata rabi ce. Tun ranar da labari ya iske ki cewa na kwashe kayana daga Gwarinpa na tare a Kwali, kika rufe mini ƙofar wayarki. Na kira har kunnena ya haddace ƙarar da ba a amsawa. Sai kuma ga saƙon Abbanki ta bakin kawuna, cewa a dakata da maganar sa rana har a ga inda na dosa. Wayyo Kauthar! Ina zan dosa in ba wurinki ba? Kogi yana da wata alƙibla ne ban da gangare? Kin yi fushi don na tashi ban shawarce ki ba, kuma fushinki a kan hanya yake. Amma akwai abin da ban gaya miki ba, kuma harshena ya kasa ɗaukarsa, shi ya sa na ba alƙalami.

Kin tuna ranar da muka shiga kasuwar Gudu zaɓen labulen gidan da za mu zauna? Hadari ya taso ba sallama, muka fake a rumfar mai yadi, ruwa yana dukan kwano har ba ma jin juna sai mun matso. Kika ɗaga wani kore mai zanen ganye, kika kara shi a fuskarki, idanunki kaɗai suka rage a waje kamar taurari biyu a bayan kurmi. A ranar ce na gaya miki an tura ni ɗakin magani na wani ƙaramin asibiti a Kwali. Na ga labulen ya sauka a hankali, na ga hasken ya dushe. Kika ce aikinki na Sakatariya fa, Umma fa, wa zai riƙa kai ta ganin likita? Ni kuwa da zafin so na buga ƙirji na ce kada ki damu, zan riƙa tafiya ina dawowa kullum, ba za ki rasa ganina ba ko yini guda. Na faɗa da gaske, ya farin cikina. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Na riƙa fita da an idar da sallar asuba. In bi titin Kubwa, in kutsa cunkoson Zuba, Dutsen Zuma yana leƙo ni ta cikin gajimare da fuskar nan tasa da ba ta ƙiftawa, kamar yana ƙirga masu wucewa don ya ga wa zai dawo. In wuce Giri, in wuce Gwagwalada, tireloli suna huci a bayana. In yini a tsaye ina ƙirga ƙwayoyi, ina yi wa tsofaffi bayanin na safe da na dare, sannan in sake kama hanya don in same ki a ƙofar gida kafin isha. Kina kawo mini shayi mai kanumfari, kina tambaya ya hanya, ina cewa lafiya lau. Lafiya lau!

Asibitin nan, Kauthar, shiru gare shi irin wanda ban taɓa ji ba. Da azahar ta yi sai komai ya ɗauke, ko kaza ba ta kuka, sai ƙarar firijin allurai kaɗai kamar numfashin mai barci. A bayan ƙofar ɗakin magani na tarar da wata farar rigar aiki a rataye, wadda ba tawa ba, kafaɗunta a cike kamar mai ita bai gama fita daga ciki ba. Tsofaffin da ke zuwa karɓar maganin hawan jini kuwa, in suka leƙo ta taga suka ga mutum cikin fararen kaya, sai su ce, “Oga Meshach, ka dawo?” In ce musu sunana Nazeer. Su dube ni, su karɓi maganinsu da hannu biyu su tafi suna waiwaye.

Sista Perpetual, babbar nas ɗinmu, ita ta warware mini. Meshach shi ne mai haɗa magunguna wanda na gaji gurbinsa. A Gudu yake da iyali, kullum yana zuwa yana komawa kamar ni. Wata rana bayan an tashi aiki ya kama hanyar gida, bai isa ba. Barci ne ya ɗauke shi a kan sitiyari. Babu wanda ya iya sauke rigarsa, ni ma ban iya ba. Ta kuma nuna mini wata mata da ke zuwa lokaci-lokaci ta zauna a bencin da ke fuskantar tagata, ba ta karɓar kati, ba ta neman magani, sai dai ta zuba wa tagar ido har inuwa ta juya, ta tashi ta tafi. Matarsa ce, Angela. Duk ranar da ta zo, ina jin idanunta a kan hannuwana kamar sanyin ƙarfe.

Yanzu ga abin da ya faru, kuma Allah ne shaidata. Ranar wata Talata ce, bayan la'asar, rana tana nan sarai, an yi ruwa an ɗauke, titi yana tururi. Na baro Kwali ina tunaninki, ina tsara abin da zan ce miki. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Ban ji komai ba sai daɗi, kamar an shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Sai wani ƙamshi ya cika motar, ƙamshin busasshiyar citta, mai yaji har cikin hanci. Sai murya daga kujerar baya, muryar namiji, a natse, dab da kunnena: “Oga, tashi.”

Na buɗe ido na ga gaban tirela ya cika gilashina. Ban san yadda na murɗa sitiyari ba. Motar ta faɗa cikin ciyawa ta tsaya, tirelar ta wuce tana kururuwa, iskarta ta girgiza ni. Na juya baya. Babu kowa, Kauthar! Babu kowa sai jakata da sallayata. Gilasai a rufe, rediyo a kashe, ni kaɗai na shiga motar nan. Na fito daga motar. Wata mai gasa masara a bakin titi ta taso da gudu tana salati, ta dubi motar, ta dubi farar rigata, sai ta ja da baya ta dafe baki. Ta ce a daidai nan ne hatsarin wancan likitan ya faru, a gindin wannan ɗorawar.

Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ya tafi, matattu ba sa dawowa su yi magana. Na ce wa kaina mala'ikan tsaro ne, na ce zuciyata ce ta yi ihu da muryar aro. Allah Shi ne masani, kuma Shi ne Ya tsare. Amma daga ranar, in na kama sitiyari sai in ji bayan wuyana ya yi sanyi, in kasa duban madubi. Washegari Sista Perpetual ta samo mini ɗaki a bayan gidan wata mai ginin tukwane. Na kwaso kayana kamar ɓarawo. Na kasa zuwa gabanki in ce alkawarin da na yi a rumfar mai yadi ya fi ƙarfina. Na ji kunya ki ga namijin da kika zaɓa yana tsoron titi da rana tsaka. Na ce bari in natsu tukuna, sai labari ya riga ni isa.

Ya hasken raina, kin san yadda kwanakin nan suke wuce mini? Ɗakina yana kallon fili inda ake shanya tukwane kafin a gasa su. Da sassafe sai in gan su jere cikin raɓa, bakunansu a buɗe suna kallon sama, kamar taron masu son yin magana da aka ɗauke wa murya. Ni ma ɗaya ne a cikinsu. Ina ganin ki a cikin kowace mai lulluɓi da ta sauko daga mota, in miƙe, in ga ba ke ba ce. Tsuntsun da ya saba da reshe guda, wane daji ne zai ishe shi? Abinci ya zama magani a bakina, ina haɗiya ne don dole. Ni da nake ba mutane abin da zai sa su barci, na rasa na kaina!

Shekaranjiya Angela ta sake zuwa. Wannan karon ban ɓoye a bayan taga ba. Na sauke rigar daga ƙusa, karo na farko da hannu ya taɓa ta, na naɗe, na fita na durƙusa na gaishe ta na miƙa mata. Tana karɓa sai wasu 'yan gutsattsari suka zubo daga aljihun zuwa cinyarta. Busasshiyar citta ce. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Shi yake taunawa a hanya, don kada barci ya ɗauke shi.” Kauthar, ban taɓa gaya wa kowa zancen ƙamshin nan ba. Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba.

Ta dube ni ta ce, “Oga, kana da mata?” Na ce saura kaɗan, in Allah Ya yarda, amma tana fushi da ni. Na ba ta labari duka. Ta shafa wuyan rigar. Sannan ta ce, “Mutane suna cewa ni na kashe shi, don na ƙi barin shagona a Gudu. Ba su sani ba. Bai taɓa tambayata ba. Kullum in na ce ya hanya, sai ya ce lafiya. A aljihunsa na san yana shan wahala, ba a bakinsa ba. Ban ce da ya faɗa zan biyo shi ba, wallahi ban sani ba. Amma da ya bar ni na zaɓa.” Ta miƙe ta rungume rigar a ƙirjinta, ta ce, “Ka je ka gaya mata ka gaji. Kada ka yi mata irin shirun da aka yi mini.” Ta ce ba za ta ƙara zuwa ba, abin da take zuwa nema ta samu. Na bi ta da ido har ta shiga mota.

To ga ni, ya Kauthar, na zo da abin da na ɓoye. Na gaji. Na ji tsoro, har yanzu ina ji. Na so ki ganni kamar dutse, alhali ni tukunya ce ɗanya da ba ta shiga wuta ba. Ban rubuto don in tsorata ki ki biyo ni ba, Allah Ya kiyaye in sayi zamanki da fargaba. Ba kuma zan ɗora miki hanyar da ni na kasa ɗauka ba. Na rubuto ne don in mayar miki da haƙƙinki da na ƙwace, na zaɓi.

In kin ce in dawo, zan ajiye aikin gwamnati in nemi gurbi a kowane kantin magani a cikin gari, ko da albashin bai kai ba, kuma ba za ki taɓa jin na yi miki gori ba. Zai yi mini ciwo in bar tsofaffin nan, don sun fara kirana da sunana, wannan ma ba zan ɓoye miki ba. In kin ce in zauna nan in riƙa zuwa ranar Juma'a a motar haya, wani na tuƙi, zan yi haƙuri da kwanakin tsakani kamar mai azumi yana jiran faɗuwar rana. In kuma wata rana zuciyarki ta ce ki zo ki ga garin da idonki, akwai fili, akwai iska mai daɗi, akwai ɗakin da zai ishi Umma. Ki yi shawara da ita, ki yi da Abba, ki yi istihara. Abin da kika yanke shi ne nawa.

Abu guda kaɗai nake roƙo, ya ruwan sanyin zuciyata: ki ɗaga waya. Ko faɗa za ki yi mini, ki yi, faɗanki ya fi mini waƙar kowa. Ranar Asabar zan shigo motar haya in zo gaban Abba in maimaita masa duk abin da ke cikin takardar nan, kaina a ƙasa. Ban sani ba ko za ki fito. In kin fito kika tambaye ni ya hanya, wannan karon gaskiya zan gaya miki.

Naki ne ni a kusa, naki ne a nesa, a Kwali ko a Gwarinpa ko inda duk ƙaddara ta jefa ni, har ranar da numfashi zai ƙare, kuma ina roƙon Allah Ya haɗa mu a inda babu sauran tafiya.

Mai ƙaunarki da ba ya canzawa,
Nazeer