Batirin Na'urar Sukarina Yana Cikin Kwamfutarka

Zaharaddin,

Na tafi Pitoa ta'aziyya, kana ta barci.

Kwamfutar da kai da babban technicien ɗinka kuka yi wa jana'iza jiya, wai zafin Garwa ya ƙona carte mère, babban allon cikinta, ga ta can ta tashi. RAM ɗaya ne bai zauna daidai ba, na danna shi. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo shi ma ya mutu, shi ya sa kullum take rantsuwa muna shekarar 2012. Na cire na na'urar auna sukarina na sa mata, har ƙanwarka Nazira ta buga takardun jarrabawar concours ɗinta.

Ka sayo min wani a pharmacie kafin magariba, lamba 2032, in digirinka zai iya. Yau ban auna ba, kuma gidan makoki ba a ƙin shayi.

Innarka