Libarbar Kaka da Baba Ya Miƙa Maka

Zuwa ga Yayana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya a duk inda kake. Ni ne ƙanenka Bulus, daga gidanmu na unguwar Television. Rabonmu da labarinka tun wani direban tanka da ya ce ya hango ka a Garwa. Zan ba direbobin tanka na Rido wannan takarda, ko Allah zai sa ta faɗa hannunka.

Baba ya rasu. Mun kai shi ƙauye bayan girbi. Na fara da wannan ne don kada ka karanta sauran kana zaton yana nan.

Ka tuna libarbar Kaka, ƙaramar bindigar nan wadda Baturen haƙar kuza ya bar masa lokacin da yake masa kuku a Filato? Tsohuwa ce tukuf, sai an ɗura wa kowane rami albarushi da dalma, kamar bindigar toka. Baba yana ajiye ta a ƙasan akwatinsa, naɗe cikin tsumman mai. Burinsa ya ga ta ci harsashin zamani kafin yanar ido ta gama rufe masa gani.

Ni ne fa na zauna a maƙera, Yaya. Kai ka tafi makarantar koyon sana'a, ka samu aiki a masaƙa a Kakuri, kana dawowa da shuɗiyar rigarka, 'yan matan layi suna leƙe. Ni kuwa tun ban fi uwar maƙera tsayi ba nake jan zuga-zugi. Da idon Baba ya raunana, duk bindigar da maharba suka kawo ni nake gyarawa, shi a yi masa godiya. 

Wata Lahadi bayan mun taso coci, ya fito da akwatin nan. Ina zaune kusa da gwiwarsa, kai kana can bakin ƙofa. Har na goge hannuna a wando. Sai ya miƙa maka tsumman ta saman kaina, ya ce, "Wannan ba aikin guduma ba ne, aikin mai karatu ne." Mama ta kalle ni, ta koma tankaɗen garinta.

Damina guda kana kanta. Kuna rufe ƙofar maƙera ku biyu, ina jiyo dariyarsa daga tsakar gida. Idan na shigo ɗaukar awartaki, sai ku yi shiru har in fita. Na san ba da mugunta kake yi ba. Har ka taɓa kirana in zo in gani, na ce ina da aiki. Gara a ce ka kasance mai girman kai, da na samu abin da zan riƙe ka da shi.

Ranar gwaji muka shiga dajin bayan Rido, rana tsaka. Ka auna wani suri, ka harba, ƙasa ta tashi. Baba bai ga komai ba, ƙarar kawai ya ji, amma ya jefar da sandarsa ya rungume ka yana cewa, "Wannan ne ɗana!" Ni na tsince masa sandar.

Bakinsa bai sake rufuwa ba. A kasuwa, a gidan burukutu, har gaban dattawan coci, labarin hannun Ishaya. Ga shi lokacin soja ne, bindiga ba takarda ba abin wasa ba ce. Mama ta roƙe shi har ta gaji. Da abokin aikinka ya raɗa maka cewa 'yan sanda suna tambaya, ka ɗauki libarbar ka ɓace, ka bar saƙo cewa kai kaɗai ka yi aikin. Ka cece shi, ban musa ba.

Amma ni suka tarar a maƙera. Ni suka tafi da shi, na yi kwanaki a tsare kafin Fasto ya tsaya mini. Da na shigo gida, ƙafafuna a kumbure, Baba ya ɗago kai ya ce, "An ji labarin Ishaya?"

Shekarun da suka biyo, ni ke yi masa wanka, ni ke kai shi asibiti a kan keke, ni ke dama masa kunun acca. Kai kuwa da ba ka nan, kullum ƙara kyau kake a bakinsa. Ni ake yi wa faɗa idan kunu ya huce.

A ciwonsa na ƙarshe ya daina gane muryoyi. Ya kama hannuna yana shafa kantar da guduma ta yi mini, ya ce, "Ishaya, ka dawo?" Na duba Mama, tana hawaye tana gyaɗa mini kai. Na ce, "Na dawo, Baba." Ya ce, "Ka kula da Bulus. Yaron kirki ne, bai iya magana ba ne kawai." Ya sa mini albarka mai tsawo da sunanka. Na karɓa, don babu wata.

Yaya, har gobe ina kishinka, ba zan ɓoye ba. Amma wani lokaci ina cikin ƙira sai in tuna yadda kake goya ni mu tsallake kwata idan ruwa ya cika layinmu, sai guduma ta yi mini nauyi. Wa ke dafa maka a can? Ka yi aure? Mama ta tsufa. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ta tura a dubo mata. Maganar bindigar nan ta mutu, ba mai tambaya kuma. Ka jefa ƙarfen nan a kogi idan har yana wurinka, ka dawo. Ina ɗauke da saƙon albarkarka, kuma ya yi mini nauyi.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, ya buɗe maka hanyar gida Mama tana da rai. Ni kuma ya wanke mini zuciya kafin ka iso.

Ƙanenka,
Bulus