Rubutun Bayan Motarka

Zuwa ga mahaifina, Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da kai cewa ranar Asabar na fitar da jar motarka daga gareji. Sau uku ta ƙi tashi, a na huɗu ta yi gurnanin nan da maƙwabtanmu na Woodbridge suka haddace. Shekara biyu ke nan rabon unguwa da jin sa.

Ka tuna ranar da aka jawo ta? Ba inji, ba kujera, tsatsa har rufi, ga shi ta girme ka. Umma ta leƙo ta ce likita guda ya rasa abin saye sai bola. Kai kuwa sai shafa ta kake yi kana murmushi.

Shekara shida ka yi a kanta. Ka sha cunkoson babbar hanya daga asibiti, ka cire farar riga, ka ɗauki sifana. Ka sauke bodinta ƙasa, ka dasa mata ƙaton inji, ka fito da salansa ta gefe, ka zana harshen wuta a gabanta kamar yadda masu wannan harka suke yi.

Da ka tsaya nan, da ba ni da abin rubutawa yau. Amma sai ka zagaya bayanta da buroshi, ka zana tsuntsaye biyu, ka rubuta A SAUKA LAFIYA da farin fenti. Ka ce haka yake a bayan gingimarin mahaifinka, wadda ta ciyar da ku tsakanin Kano da Legas, kuma mota ba ta cika ba sai da addu'a a bayanta.

A gasar baje kolin motoci ta farko alƙalai suka yaba komai, da suka zo baya suka yi cirko-cirko. Suka ce zanen bai dace da zamanin motar ba. Ƙawayena na jami'a suna tsaye suna tambaya ta me aka rubuta. A hanyar gida na ce maka, cikin Turancina mai kaifi, ka kunyata ni, ka mai da mota mai daraja motar kwasar albasa.

Mako bai zagayo ba, bayanta ya koma ja wur. Shekarar da ta biyo baya ka ci kofi. Ni na fi kowa tsalle. Kai kuwa ka kai kofin gareji kana zuba notuna a ciki, ni da wautata na ɗauka tawali'u ne.

Abba, ban taɓa ba ka haƙuri ba. Kullum ina cewa sai an jima, har aka yi maka sutura. Wannan abu yana ci na.

Yanzu Umma za ta koma ƙaramin gida a Germantown, babu gareji, don haka motar za ta dawo hannuna. Ina wanke ta da hantsi, rana ta bugi bayanta a karkace, sai na ga tudun haruffa a ƙarƙashin jan fenti. Ashe ba ka kankare ba, rufewa kawai ka yi. Na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode wa Allah.

Na samo buroshinka, na bi sawun hannunka harafi bayan harafi. Tsuntsu ɗaya ya fito kamar zabuwa. Da ka gani, da ka yi mini dariya mako guda.

A haka na kai ta baje koli. Ba mu ci komai ba. Amma wani dattijo ɗan Kumasi, mazaunin Lanham, ya tsaya a bayanta ya karanta da ƙarfi, ya shafa fuska ya ce amin. Ya tambaye ni aikin wane ne. Na ce na mahaifina ne, ni bi kawai na yi.

Ka yafe mini, Abbana. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada ka da mahaifinka a gidan rahama, ya sa ka sauka lafiya.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza