Irin Da Na Ɓoye A Firji

Zuwa ga Gwaggo Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina yini, Gwaggo? Ya jikin Kaka, ya yara? Mu nan Dubai lafiya lau, alhamdulillahi.

Kwanaki makarantarmu ta kai mu duwatsun Hajar. A can ƙololuwa malamarmu ta nuna mana wani ɗan itace da ba kasafai ake samunsa ba, rassansa kore, ganyensa kaɗan, furensa fari. Ta ba kowa iri uku ya shuka, a kansa za a ba mu maki. Ba ya tsirowa sai ya sha sanyi, don haka na sa nawa cikin jiƙaƙƙen yashi a firji.

Da Umma ta gani, ta ce, "Wa ya taɓa ajiye iri a firji? Ruɓewa zai yi!" Ta shanya shi a rana kamar irin kuɓewa. Kunya ta hana ni musu, amma na ɗauke ɗaya na mayar firji bayan kwanon miya.

Jiya, bayan wata biyu, ya tsiro! Yanzu Umma ce ke fara leƙa shi da safe, tana cewa "itacenmu".

Ki taya ni addu'a kada zafin Dubai ya kashe shi kafin malama ta gani. Ki gaida Kaka da su Yaya Sani.

'Yarki,
Maryam